Tambaya da Amsa: Zafin Kebbi zai iya tayar da gobara a motar lantarki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi. Tsadar mai ta sa na sayar da motata na sayi mai lantarki, 'yar Cana, ta hannu. Tun ranar da ta shigo gida hankalinmu bai kwanta ba. Uwargida ta ga bidiyo a Facebook, wata irinta tana ci da wuta 'yan kwana-kwana sun kasa kashewa, ta ce da zarar bazara ta kama, zafin garin nan zai fasa batirin. Rumfar da nake ajiye ta kuma bangonsu ɗaya da ɗakin yara. Bayan haka, cajar da ta zo da ita tana yawan nuna jar wuta ta ƙi caji. Mai wayarin ɗinmu ya ce tsirfar Turawa ce kawai, zai iya haɗa mini ita dairek. Ina da sola da batirin litiyam a gida, na san ɗan abin da ba a rasa ba, amma wannan ya fi ƙarfina. Don Allah a gaya mini gaskiya, in sayar da ita ne, ko in bari ya haɗa?

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa an saya a sa'a, ya tsare. Kada ka sayar da motar saboda wannan bidiyon, kuma kada ka kuskura ka bar mai wayarin ɗin nan ya taɓa cajar. Cikin abubuwa biyun da ka kawo, wanda ya hana gidanka barci shi ne ƙaramin. Wanda kake shirin amincewa da shi kuwa, shi zai iya jawo abin da ake gudu.

Maganar Hajiya tukuna. Gaskiya ne daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan kai 60 ko fiye. Amma batirin ba a kan kujera yake ba. A shimfiɗe yake ƙarƙashin mota cikin akwatin ƙarfe, rana ba ta ganinsa, nauyinsa kuma ɗaruruwan kilo ne, ba ya ɗaukar zafi da sauri. Batirin ƙananan ƙwayoyi ne aka harhaɗa, kuma siririn labulen da ke raba ɓangarori biyu na kowace ƙwaya sai ya kai wajen digiri 130 yake fara narkewa. Ƙwayoyin iri-iri ne: wadda ake kira NMC takan ɓalle da wuta gaba ɗaya ne a kusa da 200, wadda ake kira LFP kuma, wadda yawancin motocin Cana na yanzu ke ɗauke da ita, ta fi haka juriya. Rana ba ta kai batir can. Motoci masu lantarki suna yawo a Dubai da jihar Arizona ta Amurka, kuma tun 2021 aka buɗe tashar cajinsu mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato kuwa ba ta fi mu sanyi ba.

Abin da zafi ke yi wa batir shi ne tsufar da shi. A 2012 masu Nissan Leaf a Arizona sun yi ta kukan batirinsu yana rage ƙarfi da wuri, domin na wannan motar ba shi da ruwan sanyaya. Wannan asarar kuɗi ce. Maganinta inuwa, da caji da dare ko da asuba, da barin motar ta huce in ka dawo daga Sakkwato ko Yawuri da tsakar rana kafin ka jona ta. In NMC ce, ka riƙa tsayar da ita a kashi 80 don zirga-zirgar gari.

A ƙasar Suwidin, hukumar da ke kula da agajin gaggawa ta ƙirga gobara 23 a 2022 cikin motoci kusan 611,000 masu lantarki da masu haɗa lantarki da mai. Masu fetur da dizal kuwa gobara kusan 3,400 cikin miliyan 4.4. Wato in aka auna da yawan motocin kowane ɓangare, masu mai sun ninka su kusan sau ashirin. Sai dai fa motocin can sababbi ne, wayarin gidajensu a kan ƙa'ida yake, kuma ba wanda ke buɗe musu caja da sukurdireba a tsakar gida. In muna son lissafin nan ya hau kanmu, sai mun yi abin da suke yi.

To, ga inda nake so ka ba ni hankalinka, domin wannan maganar ta dairek ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta. Tunanin da ke bayanta guda ɗaya ne, wai duk abin da ya yanke wuta shi ne mai laifi, a cire shi aiki ya tafi. Shi ne tunanin da ya sa da zarar 'yar Kwatano ta iso, bakanike zai zare mata tamostat ya haɗa fanka dairek ya ce don ƙasar ƙanƙara aka yi su. Shi ya sa fis ke ƙonewa a naɗa masa waya mai kauri a mayar. Mun daɗe muna yi muna tsira da ƙananan asarori, har muka ɗauka gwaninta ce. Mai gadi ya yi ihun ɓarawo, sai a kori mai gadin don a samu a yi barci.

Akwatin da ke tsakiyar wayar cajarka ba ado ba ne. Kafin ya saki wuta yana duba ko akwai atin, wato wayar da ke saukar da ɓatacciyar wuta ƙasa, yana duba ƙarfin wutar bai yi ƙasa ko sama da kima ba, yana lura ko wuta na yoyo zuwa jikin mota, wasu ma suna da ɗan ma'aunin zafi a cikin kan fulogin. Sai ya gamsu yake aika wa motar sigina cewa ga iya abin da za ta ja. In babu wannan siginar motar ba ta karɓar caji ko kaɗan. Saboda haka abin da mutumin naka yake nufi da dairek ba ya wuce ɗayan biyu: ko ya yaudari akwatin ya ɗauka akwai atin alhali babu, ko ya yanke kan fulogin ya murɗa wayoyin a jikin na bango.

Na farkon yadda suke yi shi ne su ɗauki guntuwar waya su haɗa nutural da ramin atin a bayan soket. Jar wutar ta ɗauke, caji ya fara, kowa ya ce Malam ya iya aiki. Abin da aka yi a zahiri shi ne an ɗaure gangar jikin motar da wayar nutural. Ranar da nutural ya tsinke a fol, ko wani ya zo gyara ya juya wayoyin, abin da kai ka san yana faruwa a unguwanninmu, to ƙarfen motar gaba ɗaya ya ɗauki bolt 230. Tayoyi roba ne, wutar ba ta da hanyar sauka. Tana nan tana jiran wanda zai dafa marfin ƙofa, kuma a gidajenmu wanda ya fi yawan dafa mota shi ne yaro mara takalmi, da safe, bayan an yayyafa ruwa an share tsakar gida. Ba a ma kai ga maganar gobara ba ke nan.

Na biyun shi ke kawo gobarar. Caja ta gida tana jan kusan amp 10, wato kilowat 2.3. Dutsen guga ma yana kusa da haka, amma guga ta minti nawa ce, kuma yana yi yana yankewa. Mota mai batirin kilowat-awa 40 in ta ƙare sai ta yi awa 17 ko fiye tana jan wannan wutar ba hutu. Soket ɗinmu na amp 13 a rubuce ya isa, in na kirki ne kuma an ɗaure shi da kyau. In akwai ɗan sako-sako a sukuru ɗaya, wurin ya zama ƙaramin murhu. An taɓa kirana wani gida inda cajar ke yankewa kowane dare. Fuskar soket ɗin ta yi ruwan ƙasa a zagayen ramin da ke ɗauke da wuta, robar ta yi laushi, ɗakin yana warin ƙonannen leda. Da na kwance shi, siririyar wayar fitila ce a baya, an yi mata joyin da baƙin tef, tef ɗin ya narke ya manne da bulo. Da na kankare wayar sai ga fari a ciki, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. Ma'aunin zafin da ke kan fulogin shi kaɗai ya yi ta hana gidan nan kamawa, kuma shi ne abin da maigidan ya kira ni in cire masa. Yawancin abin da zai faru a wurinmu da sunan gobarar motar lantarki daga irin wannan bangon zai tashi, ya bi silin, sannan ya iso motar.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. Ka buɗe littafin cajar, ko ka juya bayan akwatin, yawanci an zana ma'anar kowace ƙyaftawar jar wutar. Ka lura kuma yaushe take yi. In sai kana kan inbata ko janareta take ƙi, to kusan tabbas maganar atin ce, domin da yawansu nutural ɗinsu ba a ɗaure yake da ƙasa ba. Wannan ana gyara shi, amma a jikin inbatar ko janaretan, tare da sandar atin ta gaske da aka kafa, ba a bayan soket ba. Ƙasarmu rairayi ce, da rani takan bushe har ƙasa, sanda ɗaya gajera ba ta wadatarwa. A kafa mai tsawo ko a ƙara wata, a auna da mita a nuna maka lambar. Duk wanda ya ce maka atin ya yi ba tare da ya auna ba, zato yake yi. Sannan a ja wa motar layinta ita kaɗai daga babban akwatin wuta, da wayar jan ƙarfe zalla, aƙalla milimita 2.5, da birekarta, da RCD na miliamp 30, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo. In caja ta bango mai kilowat 7 za ka sa, amp 32 take ja, wayar ba za ta gaza milimita 6 ba. Estenshan kuwa, musamman irin mai ramuka huɗu da ake sayarwa a kan baro, haramun ne a wannan aikin. In ka jona, bayan awa ɗaya ka je ka taɓa kan fulogin. Ɗumi-ɗumi ba komai. In ka kasa riƙe shi, kashe.

Inda ciwon ya fi tsanani ma ba a motoci ba ne, a keke da babur masu lantarki ne, da batiran sola irin naka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 suke ƙaruwa, kuma nan ne hannu ya fi saurin kaiwa. Direba zai zo ya ce batir yana yanke masa a hanya, ko ba ya cika. Maimakon a auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a gano wadda ta raunana, sai a ce BMS, wato allon da ke gadin ƙwayoyin batir, ne ya lalace, a tsallake shi a haɗa caja kai-tsaye da batir. An bar jaki ana dukan taiki. BMS ya yanke ne domin wata ƙwaya ta riga 'yan'uwanta cika. Iyakar ƙwayar NMC bolt 4.2 ne, ta LFP 3.65. In aka ci gaba da ɗura mata, litiyam ɗin ya fara taruwa yana fitar da tsinke-tsinke masu kaifi a ciki, su huda labulen nan da na ambata. Ba lallai a ranar ba. Yana iya zama bayan mako biyu, da tsakar dare, a zaure.

Ga kuma aron caja. Batir biyu duk an rubuta musu 72V. Ɗaya NMC ne mai ƙwaya 20 a jere, cajarsa tana tsayawa a bolt 84. Ɗayan LFP ne mai ƙwaya 24, tasa tana kaiwa 87.6. Bakinsu iri ɗaya, ta shiga lafiya lau. Ka sa ta biyun a na farkon, kowace ƙwaya za ta sha kusan 4.4. In BMS na nan zai rufe ƙofa. In an cire shi, babu abin da ya rage tsakanin wannan batirin da wuta. Na buɗe irinsu da hannuna: allon BMS yana lilo da waya ɗaya, ƙwayoyi kala-kala da aka ɓaro daga tsofaffin kwamfutoci, shuɗi da kore da ruwan hoda, an like su da dalma an naɗe da kwali. Mai shi ya saye shi a matsayin sabo.

Wannan ba a nan kaɗai aka gani ba. A birnin New York, a 2023, batiran litiyam, akasari na kekuna da babura, sun jawo gobara 268, mutum 18 suka rasu. A Indiya, ƙasar zafi irin tamu, babura masu lantarki sun yi ta kamawa a 2022 har kamfanoni suka janye dubbai daga kasuwa, mutane suka ɗora wa rana laifi, bincike kuma ya koma kan ingancin ƙwayoyin da yadda aka harhaɗa su.

Ga 'yan'uwana masu wayarin da riwaya, ku ji tsoron Allah. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Faɗin ban sani ba bai taɓa rage wa mai sana'a daraja ba. Naira dubu biyar ɗin da za ka karɓa ka tsallake abin kariya, kai za ka tafi gidanka ka kwana, iyalan wani ne za su kwana da abin da ka haɗa. In wani abu ya faru za a ce ƙaddara, ba wanda zai bi sawunka, amma akwai wanda ya ga hannunka lokacin da kake murɗa wayar. Batirin mota yana ɗauke da bolt 400, wasu 800. Wayoyin nan masu launin ruwan goro da kuke gani a ƙarƙashinta an yi musu wannan launin ne don a nisance su. Wanda bai samu horo ba, ba shi da safar hannu mai hana wuta, ba shi da hurumi a wurin. Hukumomi su ma da nasu. Ana ta kiran mutane su koma lantarki, amma caja marar suna da batir marar takarda suna shigowa kasuwa ba mai tambaya, kuma mai gidan da ke neman wanda aka tantance ya duba masa wayarin bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Tunda ta hannu ka saya, akwai abu uku da za ka bincika. Ka sa lambar jikinta, VIN, a shafin kamfanin ko ka ba dillalinsu, a ga ko tana cikin waɗanda aka taɓa kira don gyara, domin lahanin masana'anta gaskiya ne. General Motors ya kira dukkan Chevrolet Bolt sama da 140,000 a 2021 saboda lahani a ƙwayoyin batir, Hyundai ma a shekarar ya canja wa motoci kusan 82,000 batir, galibi Kona. Ka tabbatar ba ta taɓa nutsewa ba. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022, motocin da ruwan teku ya sha sun riƙa kamawa kwanaki bayan ruwan ya janye, kuma irin waɗannan ne ake gwanjonsu da araha su nufo ƙasashenmu. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, tsatsa da busasshen laka ba sa ɓoyuwa. Sannan a ɗaga ta a duba akwatin batirin ko ya loɓa. Nan gaba ma, duk ranar da cikinta ya daki dutse da ƙarfi, ko ka ratsa ruwa mai zurfi da damina a hanyar fadama, ko fitilar batir ta fito a dashbod, kada ta kwana kusa da ɗaki, kada kuma a yi mata caji sai an duba ta da kwamfuta.

Maganar rumfa, shawarata ka matsar da wurin cajin daga bangon yara in da fili. Ba don ina tsammanin za ta kama ba, don in ta kama babu lokacin shawara. Kada ta tare ƙofar fita, kada ta tsaya ƙarƙashin taga. Jarkar man janareta ta bar wurin. Ka sayi na'urar jin hayaki ka liƙa a rumfar da ɗakin yaran, kuɗinta bai kai na cika tankin tsohuwar motarka ba.

Abu ɗaya da bidiyon Hajiya ya nuna daidai shi ne wahalar kashewa. In wutar daga soket ko kujeru ta tashi, ka sauke bireka tukuna, tukunyar kashe gobara ta hoda za ta yi aiki. In daga batirin ne, alamarsa huci da fashe-fashe da farin hayaki mai kauri da ke fitowa daga ƙarƙashi, da wani wari mai yaji. A nan tukunyar ba ta da amfani, yashi da bokiti ma haka, domin zafin daga ƙwaya zuwa ƙwaya yake tafiya a cikin rufaffen akwati. Hayakin nan guba ne, kuma yana iya kamawa farat ɗaya. A kwashe kowa, a tsaya nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada kowa ya koma ɗauko takardu ko waya. In ka kira 'yan kwana-kwana ka faɗa musu tun a waya cewa mai lantarki ce, su taho da ƙarin tankar ruwa. Takardar da Tesla ya rubuta wa masu agaji ta ce batir ɗaya yana iya shan kusan lita 11,000. Wani lokaci abin da ya fi shi ne su jiƙa bango da maƙwabta su bar batirin ya cinye kansa.

Ko bayan wutar ta mutu ba a gama ba. Ƙwayoyin da ba su ƙone ba suna riƙe da cajinsu, suna iya sake tashi bayan awoyi ko kwanaki, musamman in ana jijjiga motar wajen ja. A ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta tayoyi na juyawa, a ajiye ta a fili aƙalla mita 15 daga gini da sauran motoci. A sa mai tsaro a kanta kuma, domin kafin gari ya waye 'yan jari-bola za su iso da guduma da zarto suna neman jan ƙarfe, akwatin da za su fara fasawa kuwa shi ne mai wutar.